Daga Kujerar Kwamishina Zuwa Gefen Gado

To ɗalibai 'yan gida, tunda kun cinye tuwon matata Hajiya har kun suɗe kwano, yanzu sai ku ba ni aron hankalinku. Ranar Asabar, a mamak ɗin nan, wato shagon shayi da abinci na kusa da tashar jirgin ƙasa na LRT ta Taman Melati, ina bayanku ina shan shayina, na ji ɗaya daga cikinku yana tsara rayuwarsa da babbar murya. Ba zan kama suna ba, ga shi nan yana sunkuyar da kai. Wai zai gama karatun likita, ya yi shekara biyu a asibiti don a san da shi, ya yanki katin jam'iyya, ya zama kwamishina, daga nan sai minista. Wai ai likitanci tsani ne, da ka hau sai ka ture shi. Ban tanka ba a lokacin saboda burodin rotina yana hucewa. To ni na hau tsanin nan. Na yi kwamishinan lafiya a jiharmu shekara shida, kuma saura ƙiris kujerar ta raba ni da likitanci har abada. A garin nan aka ba ni dama biyu kacal in nuna cewa har yanzu za a iya barina da mara lafiya, kuma ta farko da bakina na zubar da ita.

Mara lafiyar farko da na ƙwanƙwasa wa ƙirji da gaske wani manomi ne, an kawo shi a bayan a-kori-kura yana numfashi da ƙyar. Lokacin ina sabon likita a wani babban asibitin gwamnati a gida, ƙarƙashin wani Bature ɗan ƙasar Poland. A zamanin akwai irinsu da dama a asibitocin Arewa. Sunansa ya fi ƙarfin harshenmu, saboda haka daga masu gadi har nas-nas kowa Mai-Lofe yake ce masa, don lofen tabar da ba ya rabuwa da shi ko da babu wuta a ciki. Ranar an ɗauke lantarki, injin hoto a kashe. Na ce a jira a kawo wuta a ɗauki hoton ƙirji. Mai-Lofe ya dube ni ta saman tabarau, ya kama hannuna na hagu ya shimfiɗa a bayan manomin, ya ce in buga a kai da yatsan tsakiya na dama. Na buga. Ya tambaye ni me na ji, na ce ban ji komai ba. Ya ce, "Sake." Ita ce kalmar Hausar da ya fi ƙwarewa a kanta, kuma ranar na sha ta har na ƙoshi.

Washegari ya kai mu bayan kicin ɗin asibiti inda ake jera duro-duron ruwa. Ya sa aka rufe su, ya ba kowa alli, ya ce ka yi ta ƙwanƙwasawa daga sama zuwa ƙasa, inda sauti ya mutu ka ja layi, nan ruwa ya tsaya. Sai a buɗe a gani. Masu dafa abinci suna ta ƙyaƙyata dariya, wai likitoci sun koma makaɗa. Wata guda muna wannan, yatsana ya kumbura har biro ya gagare ni riƙewa, amma daga nan ban ƙara jiran wuta ba kafin in san ƙirji da ruwa ko babu. Kayan aikinmu duka aljihun farar riga ya ɗauke su: abin sauraron ƙirji, 'yar tocila, gudumar gwiwa, da ƙaramin littafi. A kan littafin nan ya fi matsa mana. Duk abin da aka tambaye ka a zagayen safe ba ka sani ba, ka rubuta, gobe ka zo da amsa. Wanda ya ce bai sani ba bai taɓa ganin fushinsa ba. Wanda ya tsaya kame-kame kuwa, da bakin lofe zai nuna masa ƙofa, ya wuni a waje.

Shekara uku na yi a hannunsa ya koma ƙasarsu, lokacin da al'amuran mulki suka fara juyawa a can. Muna musayar wasiƙa jefi-jefi. Da farko ƙungiyar likitoci ya shugabanta, shi ke zama da gwamnati a kan haƙƙin ma'aikata da kayan aiki. Daga nan mutanen garinsu suka tura shi majalisa. Wata rana sai ga ambulan da yankin jarida a ciki, ga Mai-Lofe cikin kwat da laktaye, babu lofe, an naɗa shi ministan lafiya. Ko kalma ɗaya ba mu iya karantawa ba, amma muka manna hoton a ɗakin shan shayin likitoci, duk wanda ya shigo sai mun nuna masa malaminmu. Bai daɗe a kujerar ba gwamnatinsu ta faɗi, ya koma majalisa, ya yi ta yi har ya tsufa. A wasiƙarsa ta ƙarshe ya rubuto mini cewa matar maƙwabcinsa ta yanke jiki ta faɗi a matakala, aka ruga aka kira shi, ya tsaya a kanta ya rasa ta inda zai fara, ƙarshe motar asibiti ya kira kamar kowa. Wallahi dariya na yi, na ɗauka barkwancinsa ne na kullum. A raina kuwa abin da ɗan'uwanku ya faɗa a mamak shi nake faɗa, in Mai-Lofe ya hau, ni me zai hana ni?

Sai da na shekara ashirin da 'yan kai ina aikin asibiti sannan aka kira ni. Kada ku ce na ce aikin kwamishina zaman banza ne. Aiki ne, kuma akwai abin da na yi da nake alfahari da shi har gobe, kamar firjin allurar rigakafi masu aiki da hasken rana da muka kai ƙauyukan da ba su taɓa gani ba, da ungozomomin da muka horar. Amma kayan aikin daban ne. Koren biro, wayoyi biyu, da mutum uku a bayanka, ɗaya da fayil, ɗaya da jaka, ɗaya aikinsa buɗe ƙofa. Masu zuwa wurinka ma daban ne. Da can mutum zai zo ya ce cikinsa ke ciwo, ka danna ka gano. Yanzu hakimi ne yake son asibiti a garinsa ba a garin maƙwabcinsa ba, ɗan jam'iyya yana son a ɗauki ƙanwarsa aikin nas alhali ko jini ba ta iya kallo, shugaban likitoci kuma, wanda jiya tare kuke cin ƙosai, ya shigo da takardar yajin aiki. Ba ka isa ka ce wa kowa a'a ba, ba ka isa ka ce i ba. A nan na koyi sana'a ta biyu, wato ka yi magana mai tsawo mai daɗi, mutum ya fita yana godiya, sai ya isa gida ya tuna ba ka ce masa komai ba.

Shekarar da ta fi muni ita ce ta kusa da ƙarshe. Damina ta yi ƙarfi, rijiyoyi suka haɗe da masai a wata ƙaramar hukuma, amai da gudawa ya ɓarke. Na je da kaina. Tun daga ƙofar makarantar da aka kwantar da mutane na san ko mece ce, don wanda ya taɓa ganin zawon nan mai kama da ruwan shinkafa ba ya mantawa. Kwalara ce. Amma ana tsakiyar shirin zaɓe, kuma tun ina hanya aka bugo mini daga sama cewa kada sunan nan ya fita daga bakina. Ina fitowa wata 'yar jarida ta tare ni ta ce, "Ranka ya daɗe, kwalara ce ko ba ita ba ce?" Na gyara babbar riga na zuba mata: gwamnati na sane, an kafa kwamiti, an tura samfur, ana aiki kafaɗa da kafaɗa da masu ruwa da tsaki, jama'a su kwantar da hankalinsu. Da yamma manya suka yi ta bugowa suna yaba mini. Ba mu zauna ba, mun tura ruwan ƙari da magani a ɓoye. Sai dai da na faɗi kalma ɗayan nan a rediyo, da mata sun fara tafasa ruwan sha tun ranar, kuma akwai waɗanda aka binne da ba a binne su ba. Wannan yana wuyana, na sani.

Bayan zaɓe aka rusa majalisar kwamishinoni, a rediyon mota na ji, ni da direba. Wayoyin nan biyu da ba sa hutawa suka yi tsit. Na shekara guda a gida. Akwai wani falo a gidan wani babba inda tsofaffin kwamishinoni ke taruwa kullum da hantsi, a sha lemo, a yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ana jiran ko za a tuna da mutum a ba shi shugabancin wata hukuma. Na je sau uku. A na ukun na ga wani da ya riga ni sauka da daɗewa, injiniya ne a da, yana gyangyaɗi da takardun neman muƙami a cinya. Na dawo gida na ce wa Hajiya ni asibiti zan koma. Amma a gida wa zai iya gyara wa tsohon kwamishina kuskure? Duk inda na shiga miƙewa ake yi. Sai wani abokin karatuna da ke koyarwa a nan ƙasar Malay ya ce wata kwalejin likitanci mai zaman kanta tana neman masu koyar da ɗalibai a gefen gado. Sharaɗinsu shi ne in yi wata shida ƙarƙashin babban likita a asibitin da suke aiki da shi, sannan a gwada ni a kan mara lafiya na gaske. In na faɗi a ƙara mini wata uku a sake. In na sake faɗuwa, shi ke nan, sai falon nan.

Haka muka sauka a unguwar Setapak, a wani bene hawa na goma sha ɗaya, ni da Hajiya da akwatunanmu. Wadda aka damƙa ni a hannunta ita ce Dokta Nuraini, 'yar Malay, gajeriya, da ƙyar ta kai kafaɗata, kuma ina jin ranar da na fara aikin likita tana firamare. Zagayen safe na farko muka tsaya a gado na ɗaya. Ni ban san na yi ba, ashe na coge a ƙarshen gadon, na goya hannu a baya, ina duban fankar silin da tsabtar tagogi, ina jiran a yi mini bayani. Can na miƙa hannu gefe ko waiwayawa ban yi ba, don a sa mini fayil. Hannun nan ya daɗe a iska. Da na juya, nas-nas biyu suna kallon ƙasa suna danne dariya. Dokta Nuraini ta ce, cikin ladabi ƙwarai, "Dokta, ba ziyara ka kawo mana ba. Ga mara lafiyar can, ta wancan gefen."

A satin ne aka ce in sa wa wani direban tasi allurar ƙarin ruwa. Jijiya ga ta nan kwance ɓaro-ɓaro. Na huda sau ɗaya na wuce ta, na biyu ta fashe. Mutumin ya dubi furfurata ya dubi hannunsa, ya tambayi nas a hankali ko babu wani likitan. Ta karɓa ta sa cikin ƙiftawar ido. Daga ranar na zama babban abokin cinikin mai kaji a kasuwar safe ta unguwarmu. In sayo cinyoyi, in zura siririn bututu ƙarƙashin fata in yi ta hudawa, in tsaga in ɗinke, in warware in sake. Hajiya ta ce ita ba za ta zubar da nama ba, don haka wata biyu muna cin kaza mai ɗinki, wani lokaci har ka tsinci zare a miya. A cikin LRT kuwa, tafiya da dawowa, karatu nake. Magunguna sun canja, da yawa cikin waɗanda na saba da su an daina, ga zazzaɓin denge da sauro ke kawowa a nan, wanda a zamanina sai dai mu gani a littafi. Hannu ya dawo a hankali. Zuwa wata na biyar ina sa allura ina hira, har na fara jin kaina.

Gwajin farko a kan wani mai aikin gini aka yi shi, kwanansa biyar da denge, zazzaɓin ya sauka amma jikinsa ya yi sanyi, cikinsa na ciwo. Na duba shi tsaf, na faɗi abin da ke damunsa daidai, na ce ya shiga kwanakin haɗari, lokacin da ruwan jiki ke tsiyayewa daga jijiyoyi. Dokta Nuraini tana gyaɗa kai, wani malami daga kwaleji yana rubutu. Sai ta ce to, ga nas nan riƙe da ledar ruwa, nawa za ta saita a awa, na tsawon awa nawa, kuma yaushe za a rage? Na karanta jadawalin nan, amma a lokacin ya ɓace mini ƙarƙaf. Kafin in ankara bakina ya buɗe da kansa. Na ce lallai wannan muhimmiyar tambaya ce, sha'anin ruwa a irin wannan yanayi yana buƙatar a dubi dukkan ɓangarori, a yi la'akari da nauyin mara lafiya, a tuntuɓi sauran sassa, a ci gaba da sa ido. Turanci yana ta zuba, ni kaina ina jin daɗinsa. Ta bar ni na gama, ta dubi agogo, ta ce minti uku ke nan, nas tana tsaye har yanzu, nawa za ta saita? Sai na jefo lamba, da murya irin ta wanda ya tabbata.

Ta sallami nas ɗin da nata umarnin, ta kai ni ofis ta rufe ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce lambar da na faɗa, in aka bi ta har yamma, huhun mutumin zai cika da ruwa. Ta ce mantuwa ba komai ba ce, ita ma tana duba jadawalin, shi ya sa aka manna shi a bango, kuma yana nan a bayana duk lokacin da nake jawabi.

"Hannunka lafiya lau, Dokta," in ji ta. "Bakinka nake tsoro. Nas za ta yarda da kai saboda furfurarka, ba za ta sake dubawa ba."

Na fito na zauna a bencin masu jiran magani. Kunya ta ishe ni, amma tsoro ya fi yawa, don na gane inda na koyo wannan hali, kuma na san abin da ya taɓa jawowa.

Na koma gida na gaya wa Hajiya, ina jiran ta ce an zalunce ni. Ina! Ta ce ai ita ta daɗe da sani. Ta tuna mini ranar da muka je kasuwar titin Jalan Masjid India sayen mayafai muka ɓata, ta tambaye ni ta ina tasha take, na tsaya a gefen titi ina yi mata bayanin yadda aka tsara birnin, muka yi awa guda muna zagaya shago ɗaya. Ta ce rabon da ta ji na ce ban sani ba tun kafin a rantsar da ni. Daga ranar ta ɗaura ɗamarar gyara ni. Muna cin abinci sai ta jefo tambaya, yaya ake kiran kuɓewa da Malay, ko me ya sa ruwan garin nan ya fi son sauka da la'asar. Da na fara "to ai kin san", sai ta ajiye cokali ta ce, "Alhaji, ka sani ko ba ka sani ba?" Ku yi dariyarku. Mutum ya doshi sittin, 'yan kalmomi uku suna maƙale masa a wuya kamar ƙayar kifi. Na sayi ƙaramin littafi irin na da na sa a aljihu, kuma a wata ukun nan na cika biyu.

Gwaji na biyu ranar Laraba ya faɗo. Na ga Hajiya ta sauko da akwatuna daga saman kabad tana goge su, wai don kada kyankyasai su shiga. Wannan karon wani tsohon farfesa aka gayyato, cikin Sinawan ƙasar nan, siriri, mai magana ƙasa-ƙasa, ɗalibai in sun hango shi canja hanya suke yi. Mara lafiyar wata tsohuwa ce 'yar Malay, kowa Makcik yake ce mata, kamar a ce gwaggo. Kwana huɗu ba ta iya kwanciya sai a zaune, abinci ma ta daina ci saboda numfashi ba ya barinta. Na gaishe ta da 'yar Malay ɗin da na tsinta, na murza tafukana suka yi ɗumi, na shimfiɗa hannu a bayanta ta dama. Daga sama sauti garau, ina saukowa ƙasan allon kafaɗa ya mutu ɗif. Na nemi izininta na ɗiga alama da biro. Da aka ɗora hoton ƙirjinta, ruwan yana daidai wurin. Farfesa ya yi ɗan rubutu.

Ya tambaye ni me zan yi, na ce a zuƙe ruwan da allura ta samu numfashi, a kai shi ɗakin gwaji. Ya ce madalla, yau? Sannan ya miƙo mini takardar magungunanta ya ɗora yatsa a kan ɗaya. Maganin tsinka jini ne, cikin sababbin da suka fito ina can ina buɗe gine-gine. Na san sunansa, na san aikinsa, na san in ka huda mai shansa jini yana iya ƙin tsayawa. Ya ce ƙodarta ba ta aiki sosai, ga sakamakon, kwana nawa zan dakatar da maganin kafin in huda ta? Wallahi jawabin ya taso mini har maƙogwaro, a shirye yake, da gabatarwarsa da komai. Na dubi Makcik, tana kallona tana haki, ta riga ta sakankance da ni don kawai na gaishe ta da harshenta. Na haɗiye.

"Ban sani ba, Farfesa," na ce. "Ba zan huda ta yau ba. Zan sa mata iskar taimakon numfashi, in duba littafi, in kira mai harhaɗa magunguna, kafin azahar in kawo maka amsa."

Bai nuna ya ji daɗi ba, bai nuna ya ji haushi ba. Ya jefo wata tambayar, na amsa. Ya jefo wata, ban sani ba. Wata kuma, ban sani ba. Na fito da littafina a gabansa ina rubutawa. Sau huɗu na faɗi haka cikin rabin awa, a gaban nas-nas da ɗalibai. Ya rufe fayil ya yi godiya ya fita. Na je na nemo amsoshin na kai ofishinsa kafin azahar kamar yadda na ce, ban same shi ba, na bar wa sakatariya. Na yi salla, abinci ya gagare ni. A cikin LRT kan hanyar komawa gida ba abin da nake tunani sai yadda zan sake yin sallama a falon tsofaffin kwamishinoni, da wace kujera zan samu.

Washegari Dokta Nuraini ta same ni a gado na shida ina sauraron ƙirjin wani. Ta jira na gama, ta miƙo mini takarda ɗaya. Jadawalin aikin wata mai kamawa ne, ga sunana a ranakun Litinin da Alhamis, da rukunin ɗalibai a ƙarƙashina. Na ce mata an yi kuskure, tambaya huɗu na kasa. Ta yi dariya, karo na farko da na ga haƙoranta a wata tara. Ta ce haka farfesa yake yi wa kowa, ita ma ya yi mata. Zai yi ta tambaya har sai ya kai mutum inda saninsa ya ƙare, don babu wanda ba shi da wurin, shi kuma abin da mutum zai yi a nan yake son gani. Wanda ya amsa duka, ƙara masa yake yi. Na zauna a kujerar masu jinya. Na manta rabon da in ji sanyi a raina irin na ranar. Na buga wa Hajiya, ta ce alhamdu lillahi sau uku, sannan ta ce in yi tapau ɗin shinkafa, wato in sayo a ƙunshe, in taho da ita, yau ba ta girki, kuma kada in kuskura in zaɓo mai kaza.

Kai mai son zama minista, ɗago kanka, ban hana ka ba. Kujerun nan suna buƙatar likitoci, gara ku da waɗanda ba su taɓa shiga ɗakin haihuwa ba. Ni dai na gaya maka abin da ta karɓa a wurina, da irin wahalar da na sha kafin in karɓo shi.

Makcik kuwa sai ranar Asabar muka huda ta, bayan maganin ya fita daga jikinta. Dokta Nuraini ta tsaya a bayana ta harɗe hannu, ba ta taɓa komai ba. Na zaunar da tsohuwar ta rungumi matashin kai a kan ɗan tebur, na sake samun wurin da yatsa, na goge, na kashe fatar, na shigar da allura ta saman haƙarƙari. Ruwa ya biyo bututu, launin shayi marar madara, babu jini. Kwalba tana cika, kafaɗunta suna sauka. Can ta ja wani dogon numfashi, irin wanda ta yi mako ba ta ja ba, ta yi magana da Malay. Nas ta yi dariya ta ce wai yunwa take ji, nasi lemak take so, shinkafar nan ta madarar kwakwa, da yaji sosai. Nas ɗin ta juyo gare ni da biro a hannu, ta tambaye ni da Malay ko a ba ta.

"Boleh, Dokta?"

Na cire safar hannu na jefa a kwandon shara. Na ce a ba ta, har da ƙwai. Wannan kam na san amsarta.